Buhun da Ba a Faɗi Abin da Ke Cikinsa Ba

Bayan an yi arba'in ɗin baffana, 'yan'uwa suka ɗora mini aikin kwashe kayan ɗakinsa da na ɗan siton da ke bayan gida, domin magada na son a gyara wurin a zuba 'yan haya. Marigayin, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ba ya zubar da komai. Tsofaffin baturan mota, guntayen kwano masu tsatsa, galan-galan na maganin feshi da suka rage daga noman wake, fasassun gilasan taga, duk suna nan jibge shekara da shekaru. Na leƙa waje na kira wasu yara biyu 'yan jari bola da ke wucewa da kurarsu. Muka yi ciniki a kan ƙarafa nasu ne, shara kuma su kai bola in biya su ladansu. Na ja kujera na zauna a inuwa ina nuni da hannu.

Ba a yi rabin awa ba ƙaramin ya zura hannu cikin wata baƙar leda, ya fizge da sauri. Allura ce ta soke shi a yatsa. Baffa ya yi shekaru yana fama da ciwon sukari, kullum sai ya yi wa kansa allura, kuma a ledar nan yake tara waɗanda ya gama da su. Na san da haka, domin ni na sha sayo masa su. Yaron ya tsotse jinin ya tofar, ya ce, "Ba komai, Baba, mun saba." Ya sunkuya zai ci gaba da aiki.

Tun daga ranar, duk lokacin da na ga mai kura cike da tarkace sai in tuna da birnin Goyaniya na ƙasar Birazil, da abin da ya faru a can a shekarar 1987.

A ƙarshen 1985 wani asibiti mai zaman kansa da ke yi wa masu cutar daji gashi ya tashi daga tsohon gininsa a birnin ya koma sabon mazauni. Ya tafi da inji guda, ya bar ɗaya a baya. Rigimar filin ta shiga kotu, aka rushe wani ɓangare na ginin, sauran ya zama kango. A cikin kan injin da aka bari akwai wani ɗan kwanso na ƙarfe, tsayinsa da faɗinsa wajen santimita 5, ɗauke da giram 93 na garin wani sinadari da ake kira siziyam-137. Garin ba shi da wari, ba ya hayaƙi. Wani irin haske yake fitarwa wanda ke ratsa fata da tsoka ya lalata ɓargo, mutum bai ji komai ba a lokacin.

Ranar 13 ga Satumba, 1987, wasu mutum biyu masu neman ƙarafa suka shiga kangon. Abin da suka gani shi ne abin da duk ɗan gwangwan zai gani: ƙarfe mai nauyi, mai dalma, wanda zai yi kyau a kan sikeli. Suka kwance kan injin, suka ɗora a baro, suka tura zuwa gidan ɗayansu. Ba da jimawa ba suka fara amai. Suka ce abin da suka ci ne. Bayan kwana biyu ɗayan ya je asibiti da gudawa da jiri da kumburarren hannu, aka ce masa shi ma abinci ne ya ɓata masa jiki, aka sallame shi. Ɗayan ya ci gaba da dukan ƙarfen a tsakar gida har ya huda kwanson da sukundireba. Da ya ga garin sai ya zaci albarushi ne, har ya gwada kunna masa wuta.

Ranar 18 ga wata suka sayar wa wani mai shagon sayen ƙarafa. Da dare ya yi, mai shagon ya ga abin yana ƙyalli, wani shuɗin haske mai ɗaukar ido. Ya ɗauka wani abu ne mai daraja, ya shigar da shi cikin gida. Kwanaki ana kiran dangi da abokai su zo kallo. Ana gutsura ana ba mutane kamar ƙwayar shinkafa su tafi da ita, wasu har shafawa suka yi a jiki don su yi walƙiya. Ɗan'uwan mai shagon ya kai wa iyalinsa, ya zuba a ƙasa. 'Yarsa mai shekara 6 ta yi wasa da garin, ta ci abinci da hannun ba ta wanke ba. Can a shago kuma, yaran mai shagon biyu suna ta fama da guduma don su raba dalmar da sauran ƙarfen, da hannu tsirara, kamar yadda suka saba da kowane kaya.

Wadda ta fara ganewa ba likita ba ce. Matar mai shagon ce ta lura cewa tun da abin nan ya shigo gidansu kowa ke kwanciya. Ranar 28 ga Satumba ta sa aka zuba ragowar a jaka, ita da wani ma'aikacin shagon suka hau motar haya, suka kai ofishin kula da tsaftar lafiya, ta ajiye a kan teburin jami'in ta ce wannan abu ne ke kashe mata iyali. Washegari wani masanin kimiyya ya aro na'urar auna irin wannan haske. Tun kafin ya isa ofishin na'urar ta ƙure, har ya zaci lalacewa ta yi, ya koma ya sauyo wata. Da ya dawo ya tarar 'yan kwana-kwana na shirin jefa jakar cikin kogi, ya hana su.

Mutum kusan 112,000 aka auna a filin wasanni na birnin. An sami burbushin a jikin 249. Mutum huɗu suka mutu cikin watan Oktoba: matar nan da ta ceci gari, da yarinyar mai shekara 6, da yaran shagon biyu, ɗaya mai shekara 22, ɗaya 18. Ɗaya daga cikin masu baron an yanke masa hannu. Ranar da za a binne yarinyar a cikin akwati mai rufin dalma, jama'a suka taru suna jifa da duwatsu don kada a binne ta kusa da su. Aka rushe gidaje bakwai, aka kankare ƙasa, aka kwashe sutura da kayan ɗaki da dabbobi. Abin da mutum biyu suka tura a baro guda ya koma shara mai mita 3,500 a ma'aunin cika, aka kai ta wani wuri mai suna Abadiya a bayan gari. Sinadarin kuwa sai ya yi kimanin shekara 30 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi.

Duk lokacin da aka ba da wannan labari akwai wanda zai ce ai ɓarayi ne, wa ya aike su kangon mutane. Ban yarda a tsaya a nan ba. Gaskiya ne sun ɗauki abin da ba nasu ba. Amma masu asibiti, da masu filin, da hukumar nukiliya, waɗanda daga baya suka yi ta tura wa juna laifi, dukkansu sun san abin da ke cikin injin, ko kuma aikinsu ne su sani. Daga mai baro zuwa mai sikeli zuwa yaran guduma babu ko ɗaya da ya sani. Kuma cikin mutum huɗun da aka binne, biyu ma'aikata ne da suka zo neman abinci, aka miƙa musu ƙarfe aka ce su fasa. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka shara take: mai ita ya san abin da ya ƙunsa, wanda zai ɗauka kuwa buhu kawai yake gani.

Mu ma a Najeriya mun ɗanɗana irin wannan, watanni kaɗan bayan na Birazil. A 1988 aka gano fiye da tan 3,000 na sharar masana'antu mai guba da jiragen ruwa suka kwaso daga Italiya suka jibge a wani fili a garin Koko, a tsohuwar jihar Bendel, wadda yanzu yankin ke cikin jihar Delta. Mai filin kuɗin haya ƙalilan ake ba shi. Ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya ne suka tona asirin ta hanyar jaridu. Da gwamnatin Janar Babangida ta dage a mayar da durum-durum ɗin inda suka fito, leburorin da aka sa lodi su ne suka ƙone a jiki, suka yi ta amai, domin ba a ba su kariyar da ta dace ba. Daga nan aka samu dokar soja mai lamba 42 ta 1988 kan shara mai cutarwa, aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a shekarar, sannan ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Bamako a 1991 ta hana shigo da irin wannan kaya nahiyar.

Dokoki suna nan, har da ta biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, ta 2010. Sai dai yaron da aka kira daga bakin titi ba shi da takardar ɗaukar aiki, sunansa ba ya cikin rajistar kowa. A wannan 'yan awoyi da yake cikin gidanka, kai ne uban gidansa, kai ne kuma mai duba lafiyar wurin aikinsa. Ni a ranar ban ɗauki kaina haka ba. Na ɗauka na sayi ƙarfin yara biyu ne, na manta cewa ni ne na san ɗakin.

Na hana yaron da allura ta soka ci gaba da aiki. Na sa ya wanke yatsan da ruwa da sabulu, domin tsotsa ba ta fitar da komai, muka tafi asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi yaushe aka taɓa yi masa allurar rigakafin sarƙewar haƙora. Ya yi shiru. Ta juya tafin hannunsa, sai ga tabo a kan tabo, na kwano, na kwalba, na waya. Ta bayyana mana cewa allurar da wani ya yi amfani da ita na iya ɗaukar ciwon hanta ko cuta mai karya garkuwar jiki, kuma maganin kariya daga ta biyun sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, don haka irin wannan rauni ba a kwana da shi. Aka yi masa abin da ya kamata, Allah ya sa ya tsira lafiya.

Washegari suka dawo, amma wannan karon na riga su shiga siton. Na buɗe ƙofa da taga tun da safe don iska ta shiga. Na bi kusurwa-kusurwa da sanda ina bubbugawa, saboda maciji da kunama suna son irin wannan wuri. Alluran na juye su da kaina cikin wata jarka mai kauri, na rufe na naɗe da salatif, na mayar asibiti. Gilasai na naɗe da kwali na ware gefe. Batura na jera su a tsaye, don ruwansu na cin fata da ido. Ƙasan ɗakin cike take da kashin ɓera, na sa aka yayyafa ruwa mai bilic kafin tsintsiya ta taɓa, domin zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake shiga mutum, kuma ƙurar da shara ke tayarwa hanya ce. Da na ɗaga kai na ga tsohon silin asbesto ya tsage, na ce kada wanda ya farfasa shi don ya shiga kura, a jiƙa shi a sauke shi ɗungurungum, saboda ƙurarsa tana zama a huhu ta yi ɓarna bayan shekaru masu yawa. Na sayo safar hannu mai kauri guda biyu, da takunkumi, da takalman ruwa. Duka kuɗinsu bai kai abin da na kashe a asibiti jiya ba.

Da farko sun ƙi safar. Babban ya ce tana hana shi jin kaya a hannu, kuma zafi take. Ban ga laifinsa ba, domin wanda ya saba bambance tagulla da farin ƙarfe da yatsunsa ba zai so a rufe masa su ba. Na ce ya cire ta idan ya zo tantancewa a fili, inda ido ke gani, amma kada hannu ya shiga buhu ko leda sai da ita, kuma gara a zazzage a ƙasa a duba. Na ajiye bokitin ruwa da sabulu a bakin ƙofa, na ce babu mai taɓa abinci sai ya bi ta nan. Tsohon firijin Baffa, wanda ƙaramin ya so ya ɗauka shi kaɗai a kai, mu uku muka kama shi.

Can wajen azahar babban ya fito da galan-galan ɗin maganin feshi ya jera a gefe, daban da sauran kaya. Na tambaye shi me zai yi da su. Ya ce akwai masu saye, ana wankewa a zuba ruwa ko mai. Na karanta masa abin da aka rubuta a jiki, na nuna masa hoton ƙoƙon kai da ke kan takardar, na ce wannan guba ce da wanki ba ya fitar da ita daga jikin roba. Ya daɗe yana kallon galan ɗin.

"Wallahi Baba, mun sayar da irinsa ya fi a ƙirga. Ba wanda ya taɓa gaya mana."

Na ɗauko ƙusa da guduma, muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna hudawa a gindi. Na ƙara masa kuɗin da zai samu a kansu cikin ladansa. Da ya koma ciki, sai na ji ya tsaya a gaban wani buhu da ke ɗaure a bayan ƙofa, ya kira ni: "Baba, wannan fa, mene ne a ciki?"