DAGA BAYAN KYAMARA: Yadda tsohuwar Yashica ta kunyata ni a bikin ƙanwa ta

Wannan watan ba gulmar lokeshin na zo maku da ita ba, don haka masu jiran jin wace jaruma ce ta yi fushi ta bar wajen shutin sai su yi haƙuri. Labarin wata tsohuwa na kawo, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ta cinye mani rabin albashi, ta ba ni kunya a gaban dangi, amma har yanzu ta na rataye a wuya na.

Asalin abin, wani darakta ne aboki na ya ke shirya fim wanda labarin sa ya faru a shekarun 1970, kuma akwai rol ɗin mai hoto a ciki. Na je lokeshin sai na tarar an rataya wa ɗan wasan wata baƙar kyamarar dijital mai allo a bayan ta. Na ce, “Haba darakta! Wannan ai ko yaro ɗan firamare sai ya kama ku.” Ya dube ni ya ce, “To malam ɗan jarida, tunda ka iya gyara, sai ka nemo mana ta zamanin.” Baki shi ke yanka wuya.

Kwana biyu ina yawo a wajen 'yan gwanjo kafin na gan ta a wata rumfa, an jibge ta tsakanin tsofaffin rediyoyi da dutsen guga. Ina ganin ta na gane ta, domin duk wanda ya kalli The Amazing Spider-Man na 2012 ya ga irin ta a hannun Andrew Garfield lokacin da ya fito a Peter Parker. Sunan ta Yashica Electro 35 GSN, 'yar ƙasar Japan. An fara ƙera Electro 35 a 1966, ita kuwa wannan samfurin GSN ta fito a 1973. Jikin ta ƙarfe ne, ta na da nauyi a hannu, ba irin robobin yanzu ba. Mai rumfar ya danna maɓalli ta yi “ƙyas”, ya ce, “Ka ji ko? Lafiyar ta lau.” Ni kuma da ba a yi wa wayo, na zaro kuɗi na biya.

Bari in ɗan yi bayani, don na san da yawan ku da waya ku ka buɗe ido. Wannan kyamara da fim ta ke aiki, ba fim na kallo ba, fim na ɗaukar hoto, wato zaren nan mai faɗin milimita 35 da ke naɗe cikin ɗan gwangwani, mai cin hoto 24 ko 36. Kuma sunan bai zo ɗaya a banza ba. Wani Bajamushe, Oskar Barnack na kamfanin Leitz, shi ya ɗauki zaren da ake ɗaukar finafinan silima da shi ya ƙera masa ƙaramar kyamarar hannu, wadda aka fara sayarwa a 1925 da sunan Leica. Kun ga ke nan da 'yan fim da masu hoto uwa ɗaya uba ɗaya su ke.

Irin wannan kyamara Turawa na ce mata renjifainda, wato mai auna nisa. Ba ta cikin gilashin lens ka ke leƙawa ba, akwai wata 'yar taga daban a sama. Idan ka sa ido za ka ga wani ɗan tabo mai ruwan ɗorawa a tsakiya, a cikin sa kuma abin da ka ke son ɗauka ya rabu biyu kamar mai gani garara-garara. Sai ka riƙa murɗa zoben lens a hankali har siffofin biyu su hau kan juna su zama ɗaya. Da sun haɗe, hoto ya saitu. Wallahi ranar da na fara ganin fuskar mutum biyu ta koma ɗaya sai da na yi dariya ni kaɗai.

A lokeshin dai ta yi aikin ta, domin rataya kawai aka yi, darakta har da sa mani albarka. Da na tsaya a nan da ban ga ta kai na ba. Sai zumuɗi ya ɗebe ni, na sa aka kawo mani Kodak Gold 200 guda biyu, na kuma sanar a gida cewa ranar kamun ƙanwa ta ni zan ɗauki hoton tarihi, irin wanda ake sawa a firem jikoki su gani. Na tsayar da gwaggonni da innoni a layi, na sa amarya ta gyara mayafi ya fi sau goma. Yara na cewa, “Yaya mu gani!” ina ce masu wannan ba a gani sai an wanke. Na aika fim ɗin Legas aka wanke, bayan mako biyu aka turo mani sakamako a waya. Cikin 36, huɗu ne kawai ake iya gane mutum a ciki, su ma wani jan haske ya ratsa su kamar gobara. Sauran duk baƙi ƙirin. Hajiyar mu ta tambaye ni hotunan sau uku, a na huɗu ta ce, “Allah ya sa dai ƙawayen ta sun ɗauka da waya.” Ƙanwa ta kuwa har yau in ta gan ni da kyamarar sai ta ce, “Yaya, a yi mana na tarihi mana.”

Wani editan bidiyo ne ya yi mani kwatancen wani dattijo, tsohon mai hoto, wanda a zamanin kaset ya sha bin 'yan fim lokeshin ya na ɗaukar hotunan da ake haɗa fosta da su. Yanzu ido ya ɗan yi rauni, amma hannu na nan. Na gaishe shi na miƙa masa. Bai ce komai ba, ya buɗe gindin ta ya leƙa, ya ɗago ya dube ni.

“Yaro, ina batir?”

Na ce, “Baba, dama ta na cin batir?”

Ya yi dariya har da tari. Ashe ita Electro 35 lantarki ne ke lissafa mata tsawon lokacin da ƙofar haske za ta yi a buɗe. In babu batir za ta yi ƙara kamar ta na aiki, amma a gudu ɗaya tak, kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa. Ni kuwa a tsakar gida bayan magariba na yi ta ɗauka, ina hasken zai fito? Ya buɗe bayan ta ya shafa gefen murfin, sai ga yatsan sa ya yi baƙi da wani abu mai danƙo kamar kwalta. Wannan soson da ke tare haske ne, shekaru sun narkar da shi, shi ya jawo mani jan gobarar nan. Ya kuma tambaye ni ko na tabbata duk hotunan na cire murfin lens. Na yi shiru. Ai tunda ba ta lens ka ke kallo ba, ko da murfi a rufe za ka ga komai tas, kyamarar kuwa duhu ta ke ɗauka.

Sannan ya kai ta kunnen sa ya ja hannun naɗe fim a hankali. Ya ce lafiyayya sai ta yi wani “ƙwal” a farkon ja, tawa kuwa shiru. Akwai wata 'yar roba a ciki, kaurin ta bai wuce milimita 2 ba, wadda in ta ruɓe lissafin hasken ya rikice. Ciwon da ya fi kashe wannan samfurin ke nan. Kwana uku ta yi a wajen sa. Ya yanka sabuwar roba ya liƙa, ya kankare tsohon soson da tsinke da sifirit, ya maye gurbin sa da baƙin zaren ulu irin na saƙa. Batirin ta na asali mai ƙarfin bolt 5.6 ne, na sinadarin makyuri, an daina yin sa tun shekarun 1990 saboda guba. Baba ya jera ƙananan LR44 guda huɗu, irin na kalkuleta, wanda ya ba da bolt 6, ya naɗe su da kwali, ya cike ragowar gurbin da dunƙulen takardar gwangwani. Ya danna maɓallin gwaji a baya, sai ga 'yar tagar ƙirgen hoto ta kawo wuta.

Abu ɗaya ya hana ni da babbar murya. Na ce masa tagar leƙen ta yi hazo, zan buɗe in goge madubin ciki da auduga. Ya ce, “Kul! Wannan madubin shafe ne a kan sa, siriri kamar numfashi. Ka goge shi, ka goge tabon nan mai ruwan ɗorawa, shi ke nan ta makance.”

To ga wanda zai saya, kada ya yi irin tawa. Ka tafi da batirin ka da tocila. Ka duba gurbin batir, in ka ga farin gari ko kore ya ci ƙarfen, ka rage kuɗi ko ka wuce. Ka sa ta a kan harafin B, ka buɗe baya, ka danne maɓalli ka haska tocila ta cikin lens. In ka ga zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce ta kama gilashin. Ka murɗa zobe zuwa alamar nan mai kama da 8 a kwance, ka auna hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis mai nisa, dole siffofin biyu su haɗe. Ƙarar maɓalli kaɗai ba shaida ba ce, ni ne shaida. In ba ka samu Yashica ba, akwai Canonet QL17 GIII ta 1972, wadda ke aiki ko babu batir, da 'yan Rasha irin su Zorki 4 da ba su san batir ba sam. Leica M3 ta 1954 kuwa a bar wa furodusoshi, kuɗin ta ya fi ƙarfin ɗan rahoto.

Da na koma lokeshin da fim na biyu, sai na ga amfanin ta. Ba ta da madubin da ke bugawa kamar manyan kyamarori, ƙarar ta ba ta fi taɓa harshe ba, don haka ina ɗauka ana tsakiyar shutin mai ɗaukar sauti ko waiwayowa bai yi ba. Lens ɗin ta Yashinon ne mai milimita 45, ya na buɗewa har 1.7, wanda ya sa ko a cikin ɗaki hasken fitilun darakta ya ishe ta. Kai dai ka saita lambar fim ɗin ka a faifan sama, ka zaɓi faɗin ƙofa, ka ɗan taɓa maɓalli. Jar kibiya ta kama, haske ya yi yawa, ka rage ƙofa. Mai ruwan ɗorawa ta kama, haske ya yi kaɗan, ka buɗe ko ka jingina da bango kada hannu ya girgiza. A ranar Kano ta tsakar rana fim mai lamba 100 ko 200 ya fi, mai 400 ka ajiye shi don yamma da cikin ɗaki. Kuma in ka na naɗewa ka riƙa kallon maɗaurin hagu, in ba ya juyawa to fim bai kama ba, iska ka ke ɗauka.

Zafi da ƙura su ne abokan gabar ta a nan. Fim ɗin da ban sa ba a firij na ke ajiye shi, ba na barin sa a but ɗin babur. Da hunturu kyamarar ba ta fita sai cikin jaka, da damina kuma ba na kulle ta a akwati, don laima ke kawo fumfuna. Tsada kuwa akwai ta. In ka haɗa kuɗin fim da na aikawa da na wanki, duk dannawa ɗaya sai ka ji ta a aljihu, shi ya sa yanzu na kan tsaya in jira jarumi ya manta da ni kafin in danna.

A wannan karon 31 su ka fito. Akwai guda ɗaya da na ɗauki wani dattijon ɗan wasa ya na zaune a gindin bishiya ya na bitar sikirif, gilashi a kan hanci, bai san ina yi ba. Darakta ya ce shi zai sa a fosta. Na kai wa Baba ya kai shi dab da idon sa ya daɗe ya na dubawa, sannan ya ce na yanke wa mutumin ƙafa.

Hajiya dai ta ce kada in kuskura in zo da ita ranar suna. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.