Mu Leƙa Duniya: Gidan da Ke Rataye da Sarƙa

A wannan wata za mu leƙa wani irin gida wanda ba shi da harsashi, ba shi da tsakar gida. Ƙaramin jirgin ruwa ne mai filafilai, wato manyan ƙyallaye waɗanda iska ke bugawa ta tura shi. Akwai iyalai, yawancinsu daga Turai da Amurka, da suka mai da irin wannan jirgi gidansu. Sau da yawa tsawonsa kamar mita 12 ne. A ciki ake dafa abinci, a ciki ake barci, a ciki yara ke karatu.

Kada ku zaci kullum tafiya suke yi. Yawancin kwanakinsu a tsaye suke a wani lungun teku. Bari mu ɗauki Giranada, wani tsibiri a yankin Karibiyan, arewa da Benezuwela. Lokacin guguwa a wannan yanki yana farawa ran 1 ga Yuni, ya ƙare ran 30 ga Nuwamba. Da yake Giranada tana can kudu, inda guguwa ba ta cika bi ba, jirage da yawa sukan taru a lunguna irin su Prickly Bay, su yi watanni a nan.

To, me ke riƙe da gidan? Anka ce, wani ƙarfe mai nauyi mai kama da garma, wanda ake saukarwa da sarƙa har ya nutse cikin yashin ƙasan teku. Akwai lissafi a ciki. In zurfin ruwa mita 5 ne, sai a saki sarƙa kamar mita 25, domin ta kwanta ta ja ankar a kwance. In sarƙa ta yi gajarta, sai ta ɗaga ankar sama ta tumɓuke ta. Bayan an sauke, mai jirgi yakan ja da baya da inji don ya gwada ƙarfinta. Wani ma har ya yi nutso ya gani da idonsa.

Da gari ya waye, aikin fari shi ne duba batir. Babu wayar lantarki a teku. Faifan hasken rana da injin jirgi su ke ba da wutar firiji da fitilu. Daga nan sai a duba tankin ruwa. Abin mamaki, ga ruwa ko'ina, amma na gishiri ne, ba ya shayuwa. Waɗansu suna da na'ura mai tace gishiri. Waɗansu kuwa sai su tari ruwan sama, ko su ɗebo a jarka daga tudu. Akan wanke kwanuka da ruwan teku, a ɗauraye da ɗan ruwa mai daɗi. Yaro ƙarami ma ya san ba a barin famfo a buɗe.

Da safe kuma akan kunna rediyon jirgi. Masu jirage suna da lokacin da suke gaisawa ta iska. A ji labarin yanayi, a marabci baƙi, mai neman wani ƙarfen inji ya yi cigiya. Sa'an nan yara su zauna karatu, uwa ko uba ne malami. Zuwa kasuwa sai da ɗan kwalekwalen roba, shi ne jakin gidan. Sauran yini kuwa gyara ne, gama gishiri ba ya barin ƙarfe ya huta.

Da rana ta faɗi, sai a kunna farar fitila wadda ake gani ta kowane gefe. Dokar teku ta duniya ta 1972 ce ta ce a yi haka, don kada wani jirgi ya yi karo da su cikin duhu. Amma barcin mai jirgi rabi da rabi ne. In iska ta tashi da tsakar dare, sai ya fito ya duba ko fitilun tudu suna inda ya bar su. In sun gusa, anka ta saki ke nan.

A nan ne zancen yake, jama'a. Jirgin da ankarsa ta saki ba shi kaɗai zai sha wahala ba. Iska za ta kora shi ya faɗa wa na bayansa, ko ya tumɓuke ankar maƙwabci. Ragwancin mutum ɗaya da rana ya isa ya hana gidaje biyar barci da dare. Saboda haka in baƙo ya zo yana sauke anka, kowa yakan zuba masa ido. In kuma jirgi ya fara ja mai shi ba ya nan, maƙwabta sukan ruga da kwalekwalensu su cece shi, ko ba su san sunansa ba.

Wurin fakewa ma ba shi da tabbas. Bayan guguwar Janet ta 1955, Giranada ta yi shekara 49 babbar guguwa ba ta faɗa mata ba, sai ga Ivan a Satumba 2004 ta farfasa jirage masu yawa. Ran 1 ga Yuli 2024 kuma Beryl ta ragargaza tsibirin Kariyaku, har da jiragen da suka ɓuya a can. Masu jirage da yawa da suka bi labarin yanayi sun riga sun gudu kudu zuwa Tirinidad. Rigakafi ya fi magani.

Mai kallo daga tudu yakan ga farin jirgi yana lilo a kan ruwa, ya ce waɗannan sun huta. Bai ga ankar ba, gama tana ƙarƙashin ruwa. Haka kowane gida yake. Abin da ke riƙe da shi ba ya cika bayyana: auna abin da ake da shi, gyara ɓaraka tun tana ƙarama, da tunawa cewa sakacinmu yakan kai ga maƙwabci. Maigida da uwargida, yaushe rabonku da duba taku sarƙar?

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.