Gyara Kayanki Ba Sauke Mu Raba Ba Ne

Yau kam da faɗa na zo, kuma ba da maza zan yi shi ba, da mu kanmu zan yi. Wadda ta ji zafi ta yi haƙuri, don ni ma sai da abin ya ƙona mini rai kafin na ɗauki biro.

A garinmu Wurogauri, can ƙasar Gwandu, da Allah ya yi wa Innarmu rasuwa aka zo rabon gado, sai aka fito da kayan ɗakinta tsakar gida. Awaki da 'yan kunne da zannuwa, kowa ya miƙo hannu. Amma da aka zo kan gadonta na ƙarfe mai rumfa, da kabad ɗinta na katako, da adaka, da 'yar kujerar da take zama a bakin murhu, sai kowa ya kau da kai kamar an fito da mushe. Yayata ta dube su a wulaƙance ta ce, "Mi za a yi da tarkacen ga? A kira mai gwangwan shi auna gadon, kabad ɗin ko a hwasa shi a yi tuwon sadaka."

Aka kuwa kira mai gwangwan. Ya ɗaga ƙafar gadon, ya taɓe baki, ya yi tayin da bai kai kuɗin robar wanki biyu ba. Gadon da aka saya da fam da sule, tun kafin naira ta fito a 1973. Gadon da aka haife mu a kansa mu takwas, muka yi tsalle, muka yi fitsari, bai taɓa cewa uffan ba. Na ce a'a, a yi musu kuɗi a cire cikin kasona. Aka yi hakan a gaban malamin da ya yi rabon, mata suna ta dariya, wai boko ya taɓa mini kai.

To bari in ba ku labarin ɗaya gefen. Ɗiyar yayar nan tawa an yi mata aure a 2019. Saitin da aka jera mata, wallahi ranar jere har ni sai da na riƙe baki: gado da kai kamar ƙofar fada, sif mai ƙofa huɗu, madubi, durowa, komai sai ɗaukar ido yake. Sai da ubanta ya sayar da sa, uwarta ta kwashe adashi biyu, aka kuma ci bashi aka cika. Daminar 2020, shekarar da ruwa ya cinye shinkafar Kebbi, rufin ɗakinta ya yi yoyo, ruwa ya kwana a ƙasa dare ɗaya tak. Kafin mako ya zagayo ƙafafun sif ɗin sun kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, ledar da aka lulluɓe shi da ita ta fara ɗayewa. Ko bashin ba a gama biya ba.

Ba wai kafinta ya yi mata mugunta ba ne, abin da aka saya ke nan. Wannan allon da kafintoci ke kira MDF ba itace ba ne irin wanda kika sani. Garin katako ne, dusa, ake kwaɓawa da gam a matse da inji a fitar da shi fale-fale, sannan a manna masa wata fata mai zanen itace. Yana da santsi, yana da kyan gani, yana da sauƙin yanka. Amma da ruwa ba sa ga maciji, kuma ramin da aka ɗaura noti sau ɗaya, in aka kwance aka sake ɗaurawa, sai ya rufta ya ƙi riƙewa. Mu kuwa mata rayuwarmu akwai tashi. Yau gidan haya, gobe an yi wa maigida canjin wurin aiki, jibi, Allah ya kiyaye, aure ya mutu an zo kwashe kaya. Kayan da ba su jure hawa mota sau biyu, ina amfaninsu ga mace?

Nan ne fa abin ya fi ba ni haushi. Kayan ɗaki dukiyar mace ce, ba ta miji ba, ba ta dangin miji ba. Iyayenmu da suke tara tasoshi da kumbuna da samiru, ba don ado kaɗai suke yi ba, asusu ne. Ranar da yaro ya kwanta ciwo maigida ba ya gari, sai a kira dillaliya ta ɗauki tasa biyu, kafin azahar kuɗin magani sun shigo. Yanzu ki kira dillaliya ki nuna mata sif ɗin dusa da ya shekara uku ki ji abin da za ta ce miki. Mun ɗauki asusun uwa mun ba mai gwangwan, mun ci bashi mun sayo abin da ba ya sayuwa. Kallon kitse muke yi wa rogo, 'yan uwa.

Kuma ku ji wani abin mamaki. Itacen da muke cewa a fasa a yi tuwo da shi, duniya ta fi mu sanin darajarsa. Madobiya, wadda ake ta sarewa a dazukan Taraba ana lodawa a kwantena zuwa ƙasar Sin don a yi musu kujeru da gadaje irin na sarakunansu na da, sai da ta kai a 2016 taron ƙasashen duniya a Afirka ta Kudu ya sa ta cikin itatuwan da ba a fitar da su daga ƙasa sai da takardar izini. A 2022, a wani taron a Panama, aka ƙara da maɗaci da kawo. Wato maɗacin da aka yi kabad ɗin Innarmu da shi yanzu itace ne mai tsaro. Manyan bishiyoyin da ake yanka irin wannan faffaɗan katako daga jikinsu, ke da kanki ki duba tsakanin Gwandu da Kalgo ki gaya mini guda nawa suka rage. In kika ƙona shi ba za ki samu wani ba, ko da kuɗinki.

To me na yi da nawa? Ba wani abin a zo a gani ba ne, kuma rabin aikin da hannuna na yi shi.

Da farko na goge kabad ɗin da tsumma da ruwan sabulu, ban kwara masa ruwa ba, na bar shi ya sha iska a inuwa, don rana tana tsaga tsohon katako. Daga nan na je bayansa, inda ba a gani, na ɗan goga samfefa, sai ga jan itace ya fito, mai nauyi, farce ba ya shigarsa. In kin goga naki kika ga fari ne fat, mara nauyi, farce yana lotsa shi, ga ƙananan huji da gari yana zuba a ƙasa, to ƙwaro ya riga ki, kada ki ɓata kuɗinki da yawa. Ni ba na ce duk tsohon abu ne na kirki ba. Adakar Inna ma gindinta gara ta gama da shi, sai sabon katako aka sa mata.

Ƙofa ɗaya tana lilo, ƙafa ɗaya tana girgiɗi. Na kai wa wani dattijon kafinta a Birnin Kebbi. Yaronsa ya ɗauko guduma da ƙusa 'yar inci uku, tsohon ya daka masa tsawa ya ce, "Kai, aje! Wanga icce ya girmi ubanka, ƙusa tsaga shi taka yi." Sai ya zare ƙafar a hankali, ya kankare tsohon gam, ya shafa sabo, ya mayar da ita raminta, ya ɗaure tam da tsohuwar robar tayar keke, ya ce kada a taɓa sai gobe. Wannan kaɗai ki riƙe: katakon da aka haɗa da rami da harshe, da gam ake gyara shi, ba da ƙusa ba. In kafinta ya fara ce miki gara a yi sabo tun bai duba ba, ki ɗauki kayanki ki nemi wani, ciniki yake nema.

Gugar samfefa ni na yi ta, kwana uku, bayan na sauke abincin rana. A fara da mai kaushi, a gama da mai laushi, kuma a riƙa bin tsawon jijiyar itacen, kada a gicciye ta, in ba haka ba zane zai fito kamar yakushin kyanwa. Sannan banis, shafi mara kauri, a bari ya bushe sarai, a sake, har sau uku. Kada ki yi shi ranar da hunturu ke tashi da ƙura, duk za ta manne ya zama kamar bayan kada. Ni na yi wannan wautar a shafin farko, sai da na sake gogewa ina tsaki.

Gadon ƙarfen ma bai ba da wuya ba. Burushin waya ya cire tsatsa, mai walda ya liƙe inda ya karye, aka shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, sannan aka bi da launin da nake so. Wayar tsakiya da ta lotsa aka cire, aka jera katako aka ɗora katifa. 'Yar kujerar kuwa man kaɗe kawai na shafa mata, ta yi baƙi sumul.

Amma a nan ku tsaya ku ji ni da kyau, don maganar rai ce. Fentin mai na da, da yawansa akwai dalma a ciki. Kun dai tuna abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara fiye da 400 suka rasu. Can daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙananan yara da masu ciki ta fi kamawa. Saboda haka in za a kankare tsohon fenti, a yi shi a waje, nesa da madafi, a riƙa jiƙa wurin da ruwa don kada ƙura ta tashi, a rufe hanci, a kori yara, a kwashe abin da ya zuba. Mai juna biyu kada ta matso kusa. In ba za ki iya kiyaye wannan ba, ki wanke shi kawai ki shafa sabon fenti a kai.

Na san abin da wata za ta ce: kuɗin cizo fa? 'Yar uwa, kuɗin cizo ba ya tambayar shekarun gado, sabon saitin ma yana shiga, har ya fi samun maɓoya a cikin soso da yadin da aka lulluɓe kan gadon da su. Gadon ƙarfe kuwa ki fitar da shi ranar bazara, ki kwarara tafasasshen ruwa a gaɓoɓinsa, an gama. Gwada yi wa na dusa haka ki gani. Kuma don Allah a daina fesa maganin ƙwarin gona a cikin ɗakin kwana.

Wata kuma za ta ce gori. Wannan kam gaskiya ce, ba zan raina ta ba. Yarinya ta shiga gidan miji da tsohon gado, kishiya ta samu abin waƙa, dangin miji su shigo ranar buɗar kai suna leƙe-leƙe suna taɓe baki. Na san zafinsa, an yi mini a kan labule ma. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, su wa ke yin gorin? Maza ne ke shiga ɗakin amarya suna ƙwanƙwasa sif? Mu ne. Mu ne 'yan jere, mu ne 'yan ganin ɗaki, mu ne masu komawa gida mu ce "ai ba a yi mata komai ba." Bakinmu ne ke sa uba ya sayar da gonar da ya gada, bakinmu ne ke sa yarinya ta zauna shekara biyu da miji a hannu ana jiran kuɗin saiti. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira ta faɗi, kowa ya ga inda farashin kaya ya nufa, amma gorin bai ragu da ko sisi ba.

Ban ce kada a yi wa amarya sabon abu ba. A saya mata sabuwar katifa, sabon zanin gado, sababbin tukwane. Amma in akwai kabad na maɗaci a ɗakin kaka ana ajiye tsummokara a ciki, ko gadon Vono da aka jingine a bayan rumbu kaji na kwana a kai, a fito da su a gyara. Kakanninmu har ƙwarya in ta fashe ɗinke ta suke yi, kwano in ya huje a kai wa mai liƙi, ba su kuma ji kunyar kowa ba. Mu da muka yi makaranta mu ne za mu ji kunyar gyara? Kuma in an gyara an shigar ɗaki, a ɗora ƙafafun a kan ɗan dutse ko fasasshen tayil, a ɗan janye shi daga bango, saboda danshi da gara.

Kwanan baya yayata ta zo mini kwana biyu, za ta ga likitan ido. Ta shiga ɗaki ta aje mayafi, ta tsaya gaban kabad ɗin tana shafa shi. Can sai hannunta ya kai kan wani baƙin tabo a samansa, inda fitilar Inna ta taɓa ƙona shi wani dare da muka yi barci muka bar ta, wanda na hana kafinta ya goge. Ta yi shiru har na zaci kuka za ta yi. Sai ta juyo ta ce, "Ke, ashe na Inna ne? Ai ko da rabona ciki."

Na ce, "Yaya, an cire a kasona gaban malam, kina zaune kina dariya. Amma turminta na ƙirya yana nan bayan ɗakinku ruwa na dukansa, in kin koma ki sa yara su shigar da shi inuwa."