Kogin Kowa Ne, Amma Ba a Kowane Lokaci Ba

A jihar Montana ta Amurka, dokar 1985 ta bai wa kowa damar yin fatsa a kogi, ko da filayen gaɓarsa mallakar wani ne, matuƙar bai haura iyakar cikar ruwa ba. Masu kamun kifin tirawut da ƙugiya mai gashin tsuntsu, wadda ke kwaikwayon ƙwaro, suna cikin waɗanda suka fi cin moriyarta.

Sai dai 'yancin yana da linzami. A Mayu da Yuni narkewar ƙanƙara kan cika koguna ta gurɓata ruwa. A Yuli da Agusta kuma ruwa kan yi ɗumi, iskar cikinsa ta ragu, har kifin da aka kama aka saki yakan mutu. Idan zafin ruwa ya kai digiri 23 kwana uku a jere, hukuma kan hana fatsa daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare.

Masu jagorantar baƙi kan yi asarar ciniki, kuma kukansu na da tushe. Amma a ganina hukuma ce ke da gaskiya, domin in kifin ya ƙare, sana'arsu ma ta ƙare. Masu tsara dokokinmu su lura: wanda ya buɗe wa jama'a ruwa, wajibi ne ya ƙayyade lokacin rufe shi.