Numfashi Ma Yana Cikin Kayan Wasan Golf

Duk wanda ya taɓa leƙa filin wasan golf, ko a Kaduna ne, ko Kano, ko Rayfield ta Jos, zai shaida cewa ma'abota wannan wasa ba su da rowa wajen sayen kayan aiki. Mutum zai zuba kuɗi masu yawa a kan jaka da takalma da safar hannu, har ya cika sanduna 14 ɗin nan da doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauka. Amma akwai wani makami guda wanda kowa ya zo duniya da shi, ba a sayensa ko da kwabo, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, watau numfashi. A ganinmu, duk malamin wasan da ya koya wa almajirinsa riƙon sanda da tsayuwa, amma bai koya masa sarrafa numfashinsa ba, to, rabin aiki ya yi.

Dalilin wannan magana yana cikin yanayin wasan kansa. Ɗan ƙwallon ƙafa in tsoro ya kama shi, gudu da gumi sukan ƙone tsoron. Shi kuwa ɗan golf ƙwallonsa a kwance take, babu mai ƙwace masa ita, babu mai ture shi. Zagayen ramuka 18 yakan ci kimanin sa'a huɗu, alhali kuwa kowane bugu bai fi daƙiƙa biyu ba. Ke nan wanda ya yi bugu 90, ainihin lokacin da ya yi yana kaɗa sanda bai wuce minti uku ba. Sauran lokacin duka tafiya ce da tunani, a nan ne kuma zuciya take samun damar saƙa masa abin da zai ɓata masa wasa. Ramin da ake nema faɗinsa milimita 108 ne kacal, saboda haka 'yar rawar hannu kaɗan ta isa ta sa ƙwallo ta kauce.

Tarihin wasan cike yake da misalai. A shekarar 1970, a filin St Andrews na ƙasar Sikotlan, Doug Sanders ya kuskure ɗan gajeren bugu a ramin ƙarshe wanda da ya shiga da ya ɗauki kofi, washegari Jack Nicklaus ya ka da shi a wasan raba gardama. A 1996, a gasar Masters ta Amurka, Greg Norman na Ostireliya ya shiga ranar ƙarshe yana gaba da ratar bugu 6, amma ya yi bugu 78, Nick Faldo na Ingila ya yi 67 ya wuce da kofin. A 1999 kuma, a Carnoustie, Jean van de Velde na Faransa ya iso ramin ƙarshe da ratar bugu 3. Ko da ya yi bugu 6 nasara tasa ce, sai ga shi ya yi 7, daga bisani Paul Lawrie ya cinye. Ba mu cewa numfashi kaɗai zai ceci waɗannan gwanaye. Abin lura shi ne, ba su manta wasa a dare ɗaya ba. Hannun nan ne, sandar nan ce, matsin da suka shiga ne ya bambanta.

To, me yake faruwa a jikin mutum a irin wannan hali? Tun a 1915 wani masanin aikin jiki na Jami'ar Harvard, Walter Cannon, ya bayyana yadda jiki yake ɗaura ɗamarar faɗa ko gudu idan ya hangi haɗari. Sinadarin adirinalin yakan kwararo cikin jini, bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya gajarce ya koma saman ƙirji, tsokokin kafaɗa da na hannu su ɗaure. Wannan shiri yana da amfani ga wanda ya yi kiciɓis da kura a daji, amma ga mai son tura ƙwallo taku uku zuwa rami, cikas ne. Zai matse sanda fiye da kima, ya yi gaggawar kai bugu, Bahaushe kuwa ya ce sauri ya haifi nawa.

Mutum ba ya iya umartar zuciyarsa ta rage gudu, amma yana da iko a kan numfashinsa, kuma su biyun a haɗe suke. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta sauko zuwa zuciya da huhu da ciki, wadda aikinta shi ne taka wa zuciya birki. Duk lokacin da mutum ya shaƙi iska bugun zuciyarsa yakan ɗan ƙaru, in ya fitar ya ɗan ragu. Saboda haka wanda ya tsawaita fitar da iska ya ba birkin nan damar kamawa. Baligi a zaune yakan yi numfashi 12 zuwa 20 a minti guda. In ya saukar da shi zuwa kimanin 6, jiki yakan soma saki. A 1975 wani likitan zuciya na Harvard, Herbert Benson, ya wallafa littafi a kan wannan hali na kwanciyar jiki, ya nuna cewa abu ne da ake iya koyo.

Yadda ake yi ba shi da wuya. Ɗan wasa ya tsaya a bayan ƙwallonsa yana duban inda zai aika ta, ya shaƙi iska ta hanci a hankali yana ƙirga huɗu, ya bar cikinsa ya kumbura maimakon kafaɗunsa su ɗaga, sa'an nan ya fitar da ita yana ƙirga shida, yana sassauta riƙon sanda. Ya maimaita sau biyu, ya matsa ya buga ba tare da tsayawa wani dogon nazari ba. Haka kuma bayan mugun bugu, gara ya yi amfani da tafiyar da ke gabansa wajen daidaita numfashi da ya kwashi haushi ya kai wa bugu na gaba.

Wasu za su ce wannan zai jawo jinkiri a fili. Dokokin da suka soma aiki a 2019 sun ba da shawarar kada bugu ya wuce daƙiƙa 40, numfashi biyu kuwa daƙiƙa 20 ne, kuma ana iya yin su tun abokin wasa yana kan nasa bugun. Wasu kuma za su ce gwaninta ita ce magani. Gaskiya ne, numfashi ba ya gyara karkatacciyar tsayuwa, aikinsa shi ne ya bar gwanintar da aka tara ta fito a lokacin da ake bukatarta. Sai dai a kiyaye abu biyu. Na farko, ba a fafe gora ranar tafiya: wanda bai saba da shi a gida ba na minti biyar kullum, kada ya sa ran zai amfane shi ranar gasa. Na biyu, zuƙar iska da ƙarfi a kai a kai tana jawo jiri, sannu a hankali ake so. Mai ciwon zuciya ko na huhu kuwa ya tuntuɓi likitansa tukuna.

Akwai wata hujja da ta fi waɗannan nauyi. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta wa 'yan golf, da maharba kibiya da bindiga, shan magungunan da ke rage bugun zuciya a lokacin gasa. Haramcin nan kansa shaida ne cewa natsuwa riba ce babba a wannan wasa. Idan ba a koya wa matashi halattacciyar hanyar samunta ba, zai neme ta a wurin taba, ko barasa, ko ƙwaya, mun kuwa san inda wannan hanya take ɓullewa.

Saboda haka muna kira ga shugabannin kulob-kulob da malaman wasa da su sanya wannan darasi tun a ranar farko, musamman ga yaran da ke ɗaukar jakar 'yan wasa, waɗanda daga cikinsu gwanaye da yawa suka fito. Ma'aikacin da zai tsaya gaban hukumar ƙarin girma, da ɗalibin da zai buɗe takardar jarrabawa, su ma jikinsu irin wannan ɗamara yake ɗaurawa, kuma irin wannan magani ne zai yi musu aiki. Allah ya ba mu natsuwa a lokacin da muka fi bukatarta, amin.