La'adar Dillali Halal Ce, Amma Da Sharaɗi

Dukkan yabo ya tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan uwa Musulmi, duk wanda ya san 'Yankuzo da sauran ƙauyukan ƙaramar hukumar Tsafe ya san cewa rashin tsaro ya raba mutane da yawa da gonakinsu. Matasa da dama sun koma kasuwannin Tsafe da Gusau da Bunguɗu, wannan yana dillancin hatsi, wancan yana kara wajen dabbobi, wani kuma yana zaune da na'urar POS yana cin kamasho. Ba su da albashi, sai abin da ciniki ya bari. Shi ya sa lokacin da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako ta kuma hana safarar shanu a 2021, gidajen dillalai na cikin waɗanda suka fara jin jiki.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Tun da jirgin ƙasa ya ratsa Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, kamfanonin Turawa suka dogara ga 'yan baranda wajen tara musu gyaɗa da auduga. Haka nan shari'a ba ta hana ta ba. Imamu Bukhari ya ware babi a kan ladan dillanci, inda ya kawo cewa magabata irin su Ibn Sirin da Hasanul Basri ba su ga laifinsa ba. To, sai dai halaccin yana da sharaɗi: la'ada kuɗin amana ce, kuma wajibi ne a san ta tun kafin a ƙulla ciniki.

A nan ne ɓarna take shigowa. Manomi zai kawo buhun masara, dillali ya sayar da wani farashi, ya faɗa masa wani, sannan ya karɓi la'ada a kai. Idan an yi yarjejeniya a fili cewa abin da ya haura kaza nasa ne, wannan magana ce daban. Amma wanda ya ɓoye farashi ya ci amanar wanda ya wakilta shi. Wani kuma sai ya sa abokinsa ya riƙa tayin ƙarya don a hau da kuɗin sa, alhali wannan shi ne najashu da Manzon Allah (SAW) ya haramta. Haka ya hana tare masu kawo kaya a hanya kafin su san farashin kasuwa. Mu kuma tuna da ƙarancin takardun kuɗi na 2023, yadda wasu masu POS suka tsauwala wa bayin Allah da ke neman kuɗin guminsu.

Mafi muni shi ne na kara. Ɓarawon shanu ba ya cin garke shi kaɗai, dole sai ya sami mai sayar masa. Dillalin da aka kawo wa saniya da rabin kuɗinta, bai tambayi asalinta ba, ya sani cewa la'adar nan tana iya komawa harsashin da za a harbi ƙauyensu da shi.

Wani zai ce, ai yunwa ce, kuma kowa haka yake yi. Gaskiya ne ana cikin ƙunci. Amma wanda aka cuta shi ma talaka ne, wataƙila buhun nan shi ne abin da ya tsira da shi daga gona. Kuma jarin dillali yardar mutane ce. Ranar da ta zube, sana'ar ta ƙare.

Don haka muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin dillalai da su ƙayyade la'ada su shelanta ta, a riƙa faɗin farashi a gaban mai kaya da mai saye, kada kuma a karɓi dabba sai da shaidar mai ita. Malamai su karantar da babin ciniki a masallatai kamar yadda suke karantar da babin tsarki.

Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya dawo mana da zaman lafiya, amin.