Wa zai karanta hatsinmu?

A shekarar 2017 aka wallafa kundin gadon hatsi, geron nan da muke ci safe da dare. Cibiyar ICRISAT, mai gonar gwaji a Sadore kudu da Yamai, tana cikin jagororin aikin tare da masana na Sin da Faransa. Sun lissafa ƙwayoyin gado sama da 38,000, suka kwatanta irin hatsi kusan 1,000, na gona da na daji. Ina koyar da ilimin halittu a lise, kuma da wuya in tarar da ɗan ajin ƙarshe da ya taɓa jin wannan labari. Iyayensu ma haka, alhali da yawansu da kuɗin hatsin nan suke sayen littattafan yaran.

Duk mai rai yana ɗauke da rubutu a cikin ƙwayoyin jikinsa, abin da littafin SVT ke kira ADN, kuma haruffansa huɗu ne kacal: A, C, G, T. Na ɗan Adam ya kai haruffa miliyar 3, na hatsi ya kusa miliyar 2. Injin da ke karanta su ba ya fito da su a jere kamar shafin littafi. Gutsattsari yake zubowa, miliyoyi, sai an sami mai haɗa su a kwamfuta, ya kwatanta, ya nuna inda wannan iri ya bambanta da wancan. Wannan aiki shi ake kira biyo-informatik, kuma mai yin sa dole ya san halittu ya san lissafi. Injinan sun yi sauƙi, har akwai wani mai suna MinION da ke shiga aljihu. Masu fassara abin da injin ya zubo su ne suka yi ƙaranci.

Kada wani ya ce wannan ilimin masu ƙoshi ne. Masanan cibiyar IRD da abokan aikinsu na Nijar sun kwatanta hatsin da aka tara a ƙauyukanmu a 1976 da wanda aka sake tarawa a ƙauyukan nan a 2003. Suka ga na baya ya fi saurin fitar da kai, har suka gano ƙwayar gadon da ke da hannu a ciki. Wato cikin shekarun fari, manomin Tasawa da na Tanut yana zaɓen zangarniyar da ta riga nuna, yana gyara iri da idonsa ba tare da takarda ba. Jikansa ne ya fi cancanta ya karanta abin da kakan ya rubuta a cikin irin.

Haka sanƙarau. Bayan an fara allurar MenAfriVac a 2010, nau'in A da ya daɗe yana kashe mana yara ya kusa ɓacewa. Sai ga nau'in C a 2015, ya kama sama da mutum 8,000 a Nijar, ya kashe fiye da 500. Karatun gadon ƙwayar ne ya nuna sabuwar zuriya ce, wadda aka fara gani a arewa maso yammacin Najeriya a 2013. Cibiyar CERMES a Yamai tana karɓar samfurori daga jihohi, amma babban ɓangaren wannan karatu a ɗakunan bincike na waje aka yi shi. Gadon ƙwayar sanƙarau haruffa miliyan 2 ne da ɗoriya. Kwamfutar hannu mai kyau tana iya ɗaukarsa.

To ina ƙofofin suke? Sun fi kusa da yadda muke zato. Tun da biza ta Faransa ta yi wa ɗalibanmu wuya a 2023, ya kamata mu juya ido ga maƙwabta. A Bamako, jami'ar kimiyya ta USTTB ta buɗe cibiyar biyo-informatik a 2015, tana ba da masta. A Jami'ar Ghana akwai WACCI, mai ba da doktora kan gyaran iri tun 2007, kuma ƴan Nijar sun yi karatu can sun dawo INRAN. Kusa da ita akwai WACCBIP, mai aiki kan ƙwayoyin cuta. A Ede ta Najeriya akwai ACEGID ta Farfesa Christian Happi, wadda ta fara karanta gadon korona a Afirka a watan Maris na 2020. Ga Pasteur ta Dakar. Irin waɗannan wurare sukan tallata gurabe a intanet, wasu har da kuɗin makaranta da na zama, sai dai ba sa bin mutum gida.

Abin da ke hana yaranmu shiga, a ganina, muna shuka shi tun a lise. Mun raba yara gida biyu: mai ƙarfin lissafi ya tafi C, mai son halittu ya tafi D. Ɗan D yakan ɗauki lissafi kamar harajin da zai biya ya wuce bak. Ɗan C kuma yana kallon SVT a matsayin hadda. Fannin da nake magana a kai yana neman yaron da bai yarda da wannan rabo ba. Mu malamai muna da laifi a nan, don mushen lissafi da mushen SVT suna iya shekara goma a lakwal ɗaya ba su taɓa shirya darasi guda tare ba. Alhali darasin Mendel da darasin yiwuwa, wanda ake koyarwa a aji mai maƙwabtaka, abu ɗaya suke faɗa.

Na biyu shi ne Ingilishi. Kusan duk abin da ake wallafawa a fannin da shi ake rubuta shi, takardar neman gurbi a Accra ko Ede ma da shi ake cika ta. Abin mamaki, ɗan Maradi yana cinikin Jibiya da Kano ba tare da tafinta ba, amma ya kai lisans bai iya karanta shafi ɗaya na bincike ba, don mun mayar da Ingilishi darasin cike gurbi.

Ku kuma iyaye, na san lissafinku. Yaro ya ci bak D, fatan gida ya zama likita, in bai samu ba a ce ya faɗi ƙasa. In ya ce zai ƙara shekara biyu na masta da uku ko huɗu na doktora a kan abin da ba a iya faɗar sunansa a majalisa, sai a tambaye shi wa zai ɗauke shi aiki. Tambayar tana da hujja, ba zan raina ta ba. Gurabe a INRAN da CERMES da jami'o'in Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa ba su da yawa, wuta tana ɗaukewa, kuma wasu da suka tafi ba za su dawo ba. Sai dai wanda ya iya sarrafa bayanai da Python ko R ba ya rasa abin yi ko da bai shiga ɗakin bincike ba, don ma'aikatar lafiya da ƙungiyoyin agaji duk suna zaune a kan tarin alƙaluma. Ga ƴa mace kuwa, wadda ake yawan katse wa karatu da hujjar nisa, wani ɓangare mai yawa na aikin ana yin sa daga ɗaki, muddin akwai kwamfuta da intanet.

Python da R kyauta ne. Rumbun GenBank, inda ake ajiye gadon hatsi da na sanƙarau, a buɗe yake ga kowa. Lise mai kwamfuta biyar da malamai biyu masu shiri da juna tana iya ware yammacin Laraba ɗaya, a sauko da gadon ƙwayar sanƙarau, a sa ƴan C da ƴan D a benci ɗaya su ƙirga sau nawa harafin G ya fito.